Sikeli ya tsaya cak: injin jiki ne ya mutu, ko ludayi ne ya ƙaru?

Malam Nura: Salamu alaikum. Ga tambayar da aka turo wa zaure daga Tudun Wada. Baiwar Allah ce mai shekara 38, ta sauko daga kilo 96 zuwa 88 a wata huɗu. Yau sati shida sikeli bai motsa ba, jiya ma 89.5 ya nuna. Malmalar tuwo ɗaya take ci, tana tattaki kullum bayan asuba. An ce mata yunwa ta kashe mata injin jiki, wato yadda jiki yake ƙona abinci, wai ko ta daina cin abinci kwata-kwata ba za ta ƙara sauka ba, sai da shayin rage teɓa ko allura. Masana, bisimilla.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Maganar ba ƙarya ba ce tsagwaronta, shi ya sa take ruɗa mutane. Jiki mai kilo 88 ba ya ƙona abin da mai kilo 96 yake ƙonawa, kuma yakan ƙara tsuke bakin aljihu fiye da yadda lissafi ya nuna. A 2016 an fitar da binciken mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka. Shekara shida bayan gasar, jikinsu yana ƙona kusan kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata. To amma waɗancan sun zubar da kilo wajen 58 ne a wata bakwai. Mai kilo takwas ba sa'arsu ba ce.

Anti Rabi (masaniyar abinci): Dakta, ni ko wannan rabin gaskiyar ba na so a ba ta, don da shi ake sayar da shayi. Lissafin da aka fi dogara da shi: duk kilo ɗaya da aka zubar, ƙonawar jiki tana raguwa da kalori 20 zuwa 30 a rana, amma sha'awar abinci tana ƙaruwa da kusan 100. A kilo takwas, injin ya rage wajen 200, ciki kuma yana neman ƙarin 800. Ina matsalar take? Ba sai ta ƙara malmala ba. Malmalar ce take girma a hannu ba a sani ba, ga ɗanɗanen miya, ga ragowar abincin yara da ake jin ƙyashin zubarwa.

Koci Bala: Ni dai a wurina tattakin ne ya tsufa. Jiki ya saba. Ta mayar da shi awa ɗaya da rabi, ta haɗa da gudu, ta bar tuwon dare. Sati biyu za a ga canji.

Anti Rabi: Koci, tattakin minti 40 ga mai nauyinta bai wuce kalori 200 ba. Kwalbar lemo mai santilita 50 ta haura haka. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma wa yake auna mai da cokali a Zariya? Daga galan ake tsiyayawa. Ɗan wake kwano guda, a kwarara masa mai cokali uku, an sha 360 kafin a ƙirga ɗan waken. Gyaɗa soyayya giram 100, wadda ake watsawa a baki ana hira, ta kusa 600. Waina, ƙosai, awara duk soso ne. Tuwon dare kuwa ba agogo ne laifinsa ba, yawansa ne da man miyarsa.

Koci Bala: Wato a bar motsa jiki ke nan, Anti?

Anti Rabi: Wa ya ce? Ka dai ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Dakta Hadiza: Koci, gudu ga mai kilo kusan 90 da ba ta saba ba, gwiwa ce za ta biya. Kuma wanda ya gaji tilis da safe yakan wuni a zaune, abin da ya ƙona a fili ya mayar da shi a kan tabarma. Amma kafin mu yi nisa, shin tsayawar ma ta tabbata? Nauyi yana hawa da sauka kilo 1 zuwa 2 a rana. Kowane giram na sitacin da tsoka ta ajiye yana riƙe ruwa wajen giram 3. Miya mai dunƙule da yawa, ƙaratowar al'ada, rashin bahaya, duk suna ɗaga allurar sikeli. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, ba ya taruwa a dare ɗaya. Ta hau sikeli ɗaya, da safe bayan ta zaga, kafin karin kumallo, sau uku a sati, ta ɗauki matsakaici. Ta samo tef ɗin tela ta auna ƙugu daidai cibiya duk Juma'a. In tef yana raguwa, sikeli ya yi ta tsayawarsa.

Malam Nura: Ta fannin magani ina da ƙari. A tambaye ta abin da take sha. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda ake cusawa a haɗin ciwon jiki na kyamis, suna ƙara ƙiba da kumburi. Haka cyproheptadine da ke cikin ruwan maganin buɗe ciki, da amitriptyline na ciwon damuwa, da insulin na ciwon suga, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Kada ta yanke ko ɗaya da kanta, musamman prednisolone, yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Shayin kuwa yawancinsa filasko ne. Zawo yake sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan daram.

Koci Bala: Na janye gudu. Amma ba zan janye cewa tattaki kaɗai bai isa ba. Wanda yake ramewa ba ya ɗaga komai, tsoka yake zubarwa tare da kitse, in nauyin ya dawo kuma kitse ne ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a sati, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. A tsakar gida za a yi: zauna-tashi a kan kujera, tura bango da hannu, ɗaga jarka mai lita biyar a kowane hannu. Sau 10 zuwa 12, zagaye uku. Ranar da na sha biyun ya zo da sauƙi, a ƙara ruwa ko a canja jarka.

Anti Rabi: Nan kam mun haɗu. Sai dai tsoka ba ta ginuwa da koko. Ta nemi furotin giram 90 zuwa 100 a rana, a raba uku. Ƙwai ɗaya 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, sai kifi, kindirmo marar suga, alale, awara dafaffiya ba soyayya ba. Rabin faranti ya zama zogale, rama ko kabeji, ƙuli-ƙulin kwaɗon kuma a auna shi. Sati biyu ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta, har zoɓon gidan suna. Daga nan a cire kalori 200 zuwa 300 kacal, a fara da mai da abin sha. Yanke abinci rabi shi ne yake kawo ramuwar gayya ranar biki.

Malam Nura: Saura allurar, Dakta.

Dakta Hadiza: Semaglutide, maganin da ake allurar rage ƙiba da shi, yana aiki, ba na musu, domin yunwar nan da Anti ta lissafa ita yake dannewa. Amma a binciken da aka bi waɗanda suka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo cikin shekara guda. Ba abin saye a WhatsApp ba ne, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai neman ciki. Ni zan fara da tambayar barcinta: ƙasa da awa bakwai yana ƙara yunwa. In akwai jin sanyi, kasala, zubar gashi ko rikicewar al'ada, ta je asibitin koyarwa na Shika a yi gwajin TSH (gwajin jini na duba aikin thyroid da ke wuya) da na suga, a duba ƙwan mahaifa.

Anti Rabi: In babu ko ɗaya, littafi da cokali tukuna.

Dakta Hadiza: Ni da gwajin zan fara ko babu, Anti, tunda nauyinta ya kai a duba suga. Malam Nura, a tambayo mana tsayinta da sunayen magungunan da take sha.