Abin da masu bin tseren mota a Katsina suka yi ittifaƙi a kai

Tun da Hamilton, direban gasar tseren mota ta Formula 1 (F1), ya bar ƙungiyar Mercedes ya koma Ferrari a 2025, direba Sainz kuma ya tafi ƙungiyar Williams, shawarar ita ce a manhajar F1 ka zaɓi direba da sunansa, don sanarwa ta bi shi duk inda ya koma. Kuma kada ka yanke masa hukunci a tseren farko, sabuwar mota sai an saba da birkinta.

Saita agogon manhajar a lokacin Najeriya: tseren ƙarfe 3 a Italiya ƙarfe 2 ne a Katsina. In data ta yi ƙasa, allon lokutan zagaye ya wadatar. A allon, taya mai jar alama mai laushi ce, mai farar alama kuma mai tauri. Alƙaluman sukan riga hoton talabijin, saboda haka kashe sanarwa in kana kallo.