Kuɗin fakin a asibiti: har da mai jinya da ma'aikaci?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu na kwance a wani babban asibiti a nan Kano, ciwon suga ne ya taɓa mata ƙafa. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin likitocin suna iya bakin ƙoƙarinsu, kuma ba su ne ke tsaye a bakin ƙofa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tikitin da ake yankar wa mota: naira 200 duk shiga. Ba duk yini ba fa, duk shiga.

Wanda ya taɓa jinya ya san yadda abin yake. Ƙanwata ce ke kwana da Hajiya, ni ne mai zirga-zirga. Da sassafe in kai ruwan zafi da koko. Likita ya zagayo ya rubuta magani, a ce babu a kantin asibiti, in fita kemis. In dawo a ce ana son wani gwaji, na'urar ta lalace, sai a waje. Azahar ta yi, in koma gida in ɗauko kular abinci, domin ba kowane abinci Hajiya ke ci ba yanzu. Duk dawowa sai yaron nan ya miƙo hannu ta taga, ya ma gane ni, har gaisawa muke yi, amma sai na biya.

Ni a ganina mai jinya a ƙasar nan ma'aikacin asibiti ne da ba a biyansa albashi. Shi ke ciyar da marar lafiya, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi, shi ke nemo masu ba da jini. Rabin fitar da nake yi, asibitin ne ya aike ni. To yaya za ka aiki mutum sannan ka caje shi kuɗin dawowa? 'Yan dubiya daban. Ranar Juma'a danginmu kaɗai sun zo da mota uku, sun cika ɗaki har nas ta yi musu magana. Waɗannan in an karɓi nasu ba zan ce komai ba, lada suka zo nema, su haɗa da wannan. Amma mai jinya? Kuma ma'aikatan su ma biya suke yi, ko an ɗauke musu?

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni nas ce, kuma a wurinmu an ba mu sitika muna mannawa a gilashi, ba ma biya. Sai dai sitikar ba ta ba ka wuri. In kina aikin rana kika iso, ko'ina ya cika, sai ki ajiye can bayan ɗakin wanki inda babu fitila, ki tashi da dare ki taka ke kaɗai. An taɓa cire wa abokiyar aikina batir a wurin.

Maganar a ce ma'aikaci ya biya kuwa, ban ga ta inda za a fara ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu mun ajiye motocin a gida mun koma adaidaita sahu. Masu shara da masu tura gado, waɗanda albashinsu bai yi nisa da mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, mashin ne da su ko keke. Wanda aka kira ƙarfe biyun dare don tiyatar gaggawa ba shi da zaɓi, dole ya zo da abin hawansa. A caje shi?

Amma Baban Hanifa, kada ka raina matsalar cunkoso. Na sha ganin motar ɗaukar marasa lafiya tana ta jiniya a ƙofar ɗakin gaggawa, wani ya tare hanya ya shige dubiya.

Na Bakin Kasuwa:

Allah Ya ƙara sauƙi, Malam. Ina aiki a Ingila, kuma wannan gardamar ta fi shekara goma sha biyar ana yinta a nan. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati na NHS, amma fakin da kuɗi, kuma ba yaro ba ne a ƙofa, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. In ka wuce lokaci, takardar tara ta biyo ka gida.

Scotland ta soke kuɗin tun ƙarshen 2008, ban da asibitoci uku a Dundee da Glasgow da Edinburgh, inda wuraren fakin ke hannun kamfanoni a kan doguwar kwangila. Su ma an daina karɓa lokacin korona. Wales ta gama sokewa a 2018. Ingila kuwa ta ɗauke wa ma'aikata a watan Maris na 2020, ta dawo da shi bayan Maris na 2022, ma'aikata suka yi ta ƙorafi.

Abin da zai yi maka amfani shi ne tsarin da Ingila ta tsaya a kai. Rukuni huɗu ba sa biya: naƙasassu masu katin shaida, marasa lafiyar da ke yawan zuwa ganin likita kamar masu wankin ƙoda, iyayen da ke kwana da yaro marar lafiya, da ma'aikatan dare. Ka ga ko a nan, inda asibiti ke ciyar da marar lafiya ya yi masa wanka, an gane cewa wanda ke kwana da nasa ba baƙo ba ne. Balle a gida. Inda aka mayar da shi kyauta ga kowa kuma, kukan da ake yi shi ne wuri ya cika tun safe, har da masu ajiye mota su wuce aikinsu cikin gari.

Tsohon Akanta:

Ɗana, na yi aiki a sashen kuɗi na asibitin gwamnati har na yi ritaya, bari in faɗa maka abin da ba a gani daga taga. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi harkar lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, naira 225 duk yunit, kuma a shekarar ce aka yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi. Ga dizal na janareta, ga masu gadi na kamfani. Shugaban asibiti duk inda ya hango kwabo sai ya bi.

Sannan asibitin da ke kusa da kasuwa, in ka buɗe ƙofa kyauta, 'yan kasuwa ne za su cika shi kafin ƙarfe takwas. Na gani da idona. Don haka ban goyi bayan sokewa ba.

Inda nake tare da kai shi ne duk shiga ɗin nan. Wannan lalaci ne na masu tsarawa, ko kuma an ba ɗan kwangila ƙofar, shi kuwa yawan tikiti ne ribarsa. Duba takardar da ake ba ka. Akwai sunan asibiti da lamba a jere? In babu, to ba lallai kuɗin na isa asusu ba. Gyaran ba wuya: ranar da aka ba marar lafiya gado, a ba mai jinya ɗaya kati mai lambar mota da sa hannun shugabar ɗaki, ranar sallama a karɓe. Ka rubuta takarda, kada ka tsaya cacar baki da yaron ƙofa, shi ma aiko shi aka yi. In asibitin na tarayya ne akwai teburin SERVICOM, inda ake karɓar koken jama'a, in na jiha ne ka nemi ofishin sakataren asibiti.

Baban Hanifa:

Na gode, Baba. Na duba tikitocin da suka taru a mota: akwai lamba, amma babu sunan asibiti, hatimi ne kawai da ya dushe. Gobe in sha Allahu zan kai takardar, kuma na yi magana da mutum biyu masu jinya a ɗakin su Hajiya, za su sa hannu. Maman Sadiq, shugabar ɗaki za ta yarda ta rubuta mini shaidar cewa ni ne mai jinya, ko sai na bi ta wurin likita?

Maman Sadiq:

Ita za ka samu, ba likita ba. Ka bari sai an gama zagayen safe, wajen sha ɗaya, ka zo da katin Hajiya.