Muna son haɗa fim ɗin dodo a Damagaram da kuɗi kaɗan, ta ina za mu fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu matasa ne a Zinder, muna son yin gajeren fim na dodo irin na da, wanda mutum ke shiga cikin rigar dodo, kana ganin aikin hannu ne amma ka kasa ɗauke ido. Waya biyu ce da mu, kuɗinmu bai wuce jikka ɗari ba. Da me za mu yi jikin dodon, kuma yaya za a ɗauka kada ya zama abin dariya zalla?

Mai gyaran kujeru, Zongo: Wa alaikumus salam ƙanena. Sosan katifa mai kaurin santimita 5 shi ne naman dodo. A ɗinka doguwar riga haɗe da wando daidai jikin wanda zai sa, a yanka soson gunduwa-gunduwa a manna a kai da kol na masu gyaran takalma. Ana shafa shi fuska biyu, a jira kamar minti 10 ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Wanda ya yi gaggawa ya manna da ɗanyensa, ranar ɗauka zai ga kafaɗa ta faɗo. Kada ku sa soso a gwiwa, gwiwar hannu da hammata, in ba haka ba mutum ba zai iya lanƙwasawa ba. Fentin mai yana tsagewa a kan soso. Ku lulluɓe shi da tsohon gidan sauro, ku shafa fentin ruwa da aka gauraya da farin kol na kafinta. Kan kuwa, ku gina siffarsa da yumɓu, ku shafe da man shafawa, ku bi da takardar buhun siminti da aka tsoma cikin farin kol, hawa shida, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Ramin gani a wuyan dodon ake yinsa, a rufe da baƙin raga, sai ya ƙara tsawo. A shanya rigar kwana uku a inuwa warin kol ya fita, yana juya kai.

Mai ɗaukar hoto, Birni: Ka ji magana. Ni kuma in ƙara da zafi, don shi ne babban haɗari. Rigar farko ta Godzilla, dodo mai kama da ƙaton ƙadangare a fim ɗin Japan na 1954, ta kai wajen kilo 100, kuma Haruo Nakajima da ya sa ta minti kaɗan yake iya jurewa a ciki. To ina ga Afrilu da Mayu a nan, da zafi ke wuce digiri 40? Ku jira hunturu, Disamba ko Janairu. Hazo ma zai ba ku hayaƙi kyauta a tsakanin duwatsun Birni. Duk minti 10 a cire kan, a ba wanda ke cikin rigar ruwa, a ware mutum guda wanda aikinsa ke nan.

Waya a ƙasa za ku aje ta, kusa da ƙasa sosai, tana kallon sama. Ku ɗauka a hoto 50 cikin daƙiƙa, ku mayar 25 wajen haɗawa, tafiyarsa za ta yi nauyi. Na ce 50 ba 60 ba saboda wutar lantarkinmu sau 50 take juyawa cikin daƙiƙa, 60 kan sa hoto ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila. Fitila ɗaya tak daga bayansa ko gefe. Haske daga gaba yana tona ɗinki.

Malamar makaranta: 'Ya'yana, kada ku nuna shi da wuri. A fim ɗin Jaws na 1975, labarin ƙaton kifi mai cin mutane, injin kifin ya yi ta lalacewa, dole darakta Spielberg ya rage nuna shi, abin ya fi ban tsoro. Inuwa a jikin katanga, sawu, akuya ta tsinke igiya, sannan hannu. Kuma me zai kai ku kwaikwayon ƙadangaren Japan alhali ga Dodon tatsuniyarmu mai gashi buya-buya da haɗiye mutane?

Mai kallon tsofaffin finafinai: Gaskiya ne Malama, amma kada a ɓoye shi har ƙarshe. Masu son irin wannan fim dodon suka zo gani, da ɗinkinsa da komai. Robot Monster na 1953 rigar goggon biri ce da hular ƙarfe mai kama da ta masu nutso, har yau ana kallonsa. Abin da ya raya shi, 'yan wasan sun riƙe abin da gaske. Da zarar ɗan wasa ya yi murmushi don ya nuna ya san soso ne, daɗin ya tafi. Ku bar dariyar ga masu kallo, ku ku firgita tsakani da Allah.

Mai haɗa sauti: Kukan Godzilla da safar hannu ta fata mai ƙaro aka yi shi, aka goga a tsirkiyar babban goge na Turawa, aka rage gudu. Ku je kasuwar dabbobi ku naɗi kukan raƙumi lokacin da ake ɗora masa kaya, ku rage gudunsa da rabi. Takun ƙafa, taɓarya cikin turmi da aka sa tsumma. Jini: kofi 2 na sukari, kofi 1 na ruwa, a dafa ya yi kauri, a sa jar kalar abinci da rabin cokalin Nescafé ya yi duhu. Zoɓo ba ya yi, ruwa-ruwa ne kuma yana fita shuɗi-shuɗi a hoto. Sai dai ƙuda da ƙudan zuma za su yi muku caa, don haka shi ne na ƙarshen ɗauka.

Mai ɗaukar hoto, Birni: Kafin ku fita da dare ku gaida mai unguwa, ku sanar da maƙwabta, ku nuna wa yara rigar da rana. Wanda ke ciki ba ya ganin gefensa, ba zai iya kauce wa jifa ba.