Wai da gaske sigari na kawo mantuwa, ko tsoratarwa ce kawai?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Na daɗe ina shan sigari, kuma ni dai a yadda nake ji idan na zuƙi kara ɗaya kaina sakewa yake, in fi gane karatu da lissafi. To amma kwanan nan sai in ajiye makulli in manta inda na sa, ko mutum ya gaya min sunansa yanzu anjima ya ɓace min, wani abokina ya ce wai tabar ce ke cin ƙwaƙwalwa. Ta yaya abin da ke buɗe min kai kuma zai zama shi ke kawo mantuwa?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aikin jinya nake yi, kuma wannan maganar ta "tana buɗe min kai" kusan duk mashayi haka yake cewa. Abin da ke faruwa shi ne, nikotin ɗin da ke cikin hayaƙin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, shi ne daɗin da kake ji. To cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, daga nan sai kai ya fara nauyi, ka kasa maida hankali, abu kaɗan ya ɓata maka rai. Da ka kunna wani karan sai ka ji ka dawo daidai. Ka ga ashe ba ƙara maka komai ta yi ba, ramin da ta haƙa ne take cikewa.

Ɓarnar gaske a jijiyoyin jini take. Akwai iska mai guba a hayaƙin, kabon monoksaid, tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau 200 da wani abu, gashi kuma tabar tana sa jijiyoyi su ƙanƙance su yi tauri, jini ya riƙa saurin gudaji. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙurin rashin iska ko kaɗan, duk ƙanƙantarta ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin jiki. Shi ya sa mashaya suka fi haɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, wallahi mun sha karɓar mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai baki ya karkace, hannu ya saki, yana so ya kira sunan matarsa ya kasa.

A 2015 an fitar da wani bincike da aka yi kan tsofaffi a Edinbara ta Sikotilan, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu aka ga fatar samanta, inda tunani da riƙe abu suke, ta fi siranta a wurin masu sha. Waɗanda suka daina kuma tana farfaɗowa, sai dai a hankali sosai. Amma kar ka ɗora wa taba komai, rashin barci da damuwa da hawan jini ma suna kawo mantuwa, je ka a auna jininka.

DanBaba77:
Hajiya ni fa ban cika yarda da irin waɗannan ba, kakana ya sha taba har ya haura 90 kuma ras yake har ya rasu, ko sunan jika bai taɓa ɓace masa ba.

Abu_Safwan:
Allah ya jiƙan kaka, amma malam ka ƙirga abokansa da suka fara tare, nawa ne suka kai? Su ba sa nan balle a ba da labarinsu. A Birtaniya an bi likitoci dubbai tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001, aka ga mai sha yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa in aka kwatanta da wanda bai taɓa sha ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, har da waɗanda ko kara ba su taɓa riƙewa ba, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, mata da yara a cikin ɗaki.

Mai tambaya, ni tsohon mashayi ne, in za ka daina ka san da wannan tun yanzu: makon farko mantuwar ƙaruwa za ta yi, kai kamar an cusa auduga, barci ya ƙi, ka yi ta faɗa da mutanen gida ba dalili. Nan ne da yawa ke komawa suna cewa "ai ba na iya aiki sai da ita". Daurewa za ka yi, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 yake lafawa. Akwai cingam da filasta na nikotin da ake mannawa a fata, tambayi likita ko ɗan famasi yadda ake amfani da su.

Mai_Tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan na koma shisha kafin in daina gaba ɗaya fa? An ce ruwan yana tace dattin.

Ummu_Hanan:
A'a don Allah kar ka fara. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa ma ake zuƙarsa sosai ba tari, ga garwashin da ke kai yana ƙara kabon monoksaid, kuma zama ɗaya sai a shafe awa guda ana ja. Nikotin ɗin ma yana nan. Ka sa ranar dainawa, ka fitar da kwali da ashana daga ɗaki, ka gaya wa na kusa da kai su yi haƙuri da kai na 'yan makonni.