Warin juji: ta yaya ake lissafin inda iska ke kai shi?

Ɗan_Gwammaja: Assalamu alaikum. Aikin kammala digirina kan jujin bayan unguwarmu ne. Da rana warin da sauƙi, amma da asuba har cikin masallaci yake shiga. Wace manhaja za ta zana min yaɗuwarsa?

Injiniya_Kn: Wa alaikumus salam, ƙanena. Warin ruɓaɓɓen ƙwan nan iskar H2S ce. Da asuba ƙasa ta huce, iskar sama ta fi ɗumi, sai ta danne gas ɗin ya kwanta ƙasa-ƙasa. Nemi manhajar AERMOD ta hukumar kare muhalli ta Amurka, kyauta ce. Tana son gudun iska da alƙiblarta awa-awa, tuntuɓi NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya.

Maman_Ilham: Injiniya, AERMOD fa ba ta da ƙarfi idan iska ta tsaya cak, kuma lokacin ne matsalarsa. Manhajar CALPUFF ta fi dacewa. Ɗana, juji fili ne, ba bututun hayaƙi ba, dole ka auna abin da yake fitarwa, damina daban, hunturu daban. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa iyakar H2S a maikirogiram 7 a kowace mita kubik ta iska, matsakaicin minti 30, don kauce wa ƙorafin wari.

Ɗan_Gwammaja: Na gode, Mama. Na'urar awon a ina ake aronta?