Neman shawara: Apache, PHP da MySQL sun ƙi jituwa bayan mun sauya sabar

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ta wata makarantar sakandare. Tsohuwar sabarmu (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar) Ubuntu 18.04 ce, da PHP 7.2 (harshen da aka rubuta manhajar da shi) da MySQL 5.7 (rumbun bayanai), komai lafiya lau. Da muka koma Ubuntu 22.04 mai PHP 8.1 da MySQL 8.0, sai shafin ya fito fari fat. Na mayar da PHP 7.2 da hannu, yanzu kuma cewa yake "The server requested authentication method unknown to the client". Zango ya ƙare, iyaye na jiran sakamako. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam malam. Wannan saƙon daga wajen kalmar sirri yake. MySQL 8.0 ta koma tantance mai shiga da caching_sha2_password, PHP kuwa sai daga 7.4 ta iya da shi sosai. Ka yi umarnin ALTER USER a MySQL ka mayar da asusun manhajar kan mysql_native_password, zai buɗe. Sai dai maganin ɗan lokaci ne, domin a MySQL 8.4 wannan tsohon tsarin yana zuwa a kashe, a 9.0 kuma an cire shi ɗungurungum.

Amsa ta biyu: Ni gaskiya ban goyi bayan komawa 7.2 ba. Tun Nuwamba 2020 aka daina toshe mata ɓarakar tsaro, ga shi bayanan yaran mutane ne a ciki. Ka tsaya kan 8.1 ka gyara manhajar. Farin shafi ba ya nufin babu bayani, yana nan a /var/log/apache2/error.log. Ka duba ko an yi amfani da each() ko create_function(), duka an cire su a PHP 8.0. Kuma daga 8.1, kuskuren mysqli (hanyar da PHP ke magana da MySQL) da a da yake wucewa shiru yanzu tsayar da shafin yake yi.

Sannan tunda sigar PHP biyu ne a sabar, kada sigar da umarnin php -v ke nunawa ta ruɗe ka, ba lallai ita Apache (manhajar da ke fitar da shafin ga masu buɗe shi) ke ɗauka ba. Yi a2dismod php7.2, sai a2enmod php8.1, ka sake kunna Apache, ka tabbatar da sigar ta hanyar buɗe wani ɗan fayil mai phpinfo() a ciki, sannan ka goge fayil ɗin nan take.

Amsa ta uku: Ɗan uwa, manhajar sakamako ka ce? Duba ko akwai ginshiƙi mai suna rank a teburin ɗalibai. A MySQL 8.0 rank da groups sun shiga kalmomin da aka keɓe, dole a rubuta su haka: `rank`.

Mai tambaya: Wallahi shi ne, a nan muke ajiye matsayin ɗalibi a aji. Na gyara shi da each() da na tarar, shafi ya tashi a kan 8.1. Allah ya saka da alheri. To asusun da na riga na sauya wa tsarin tantancewa fa?

Amsa ta farko: Mayar da shi caching_sha2_password, 8.1 ta san shi. Amma fara ɗaukar kwafin rumbun bayanan da mysqldump, kuma ka gwada buga sakamakon aji ɗaya kafin ka sanar da makaranta.