Shekara 6 ina fitowa a malamin tsibbu, ta ina zan ɓulle?

Ɗan wasa, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 6 ina fitowa a finafinan Twi na nan Kumasi, wato Kumawood. Rol ɗaya ake kirana a kai: malamin tsibbu mai jan ƙyalle da ƙwarya, yaran sakawa, wato 'yan damfarar intanet, su zo in ba su maganin kuɗi. In an canza mini, to maigadi ne mai gwamutsa Twi. A kasuwar Kejetia "Malam" ake kirana, a Zango kuma manya sun fara yi mini kallon mai zubar da mutuncin gida. A nan aka haife ni, Twi ɗina garau yake. Ina son in fito a uba, ko ɗan sanda, ko mugu mai lissafi. In daina karɓar rol ɗin ne gaba ɗaya, ko yaya zan yi?

Mataimakin darakta, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka daina tukuna, ba a sakin reshe a kama ganye. Ka fara gane dalilin da ya sa ake yi maka haka. Yawancin aikin Kumawood cikin 'yan kwanaki ake gama shi, sau da dama ba cikakken rubutu, darakta ya faɗi abin da zai faru a sin, 'yan wasa su zuba magana daga kansu. Mai irin wannan gaggawar ba ya gwaji, wanda ya riga ya gani yana abin shi zai kira. Ga kuma sutura: tunda ɗan wasa kan zo da kayansa, mai zuwa lokeshan kullum da jallabiya da hula da carbi ya zaɓa wa kansa rol tun daga bakin ƙofa. Ka riƙa zuwa da shat da wando, kayan malam suna cikin jaka.

Kuma kada ka yi tsalle daga malam zuwa saurayin fim, ba wanda zai yarda. Ka matsa kusa: mai gidan haya, dillalin shanu, ciyaman na tashar mota, kawun amarya. Duk mutane ne masu faɗa a ji kamar malamin, fuskarka ba za ta yi wa 'yan kallo baƙunta ba. Daga nan uba da ɗan sanda taki ɗaya ne. In furodusa ya kira ka rol ɗin malam, ka karɓa da sharaɗi: a fim ɗinsa na gaba ya ba ka sin 2 a wani rol dabam, ko da ka rage masa kuɗi. A rubuta, ko a saƙon WhatsApp ne.

Mai ɗaukar hoto, Nima:
Ɗan'uwa, faɗar cewa za ka iya ba ta shiga kunnen kowa. Bidiyo za ka nuna, kuma wayarka ta isa. Ka shirya sin 3, kowanne daƙiƙa 30 zuwa 40, duka kada su wuce minti 2. Na farko uba yana yi wa ɗansa faɗa da Twi tsantsa, a natse, ba ihu. Na biyu ɗan sanda yana tambayar wanda ake zargi, da Turanci. Na uku da Hausa, abin tausayi. Wanda ya fi kyau shi za ka sa a gaba, don masu zaɓen 'yan wasa ba su cika kaiwa ƙarshe ba.

Wayar a kwance, ba a tsaye ba, a kan abin da ba ya motsi, daidai tsayin idonka. In ta yi ƙasa ramin hancinka za a gani, ka koma mai ban tsoro, wato malamin da kake gudu. Tazara kamar mita ɗaya da rabi, hoto ya kama daga ƙirji zuwa saman kai. Ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba wayar za ta auna hasken waje fuskarka ta dushe. Ka danna fuskarka a allon wayar ka riƙe har haske ya kulle. Bango ya zama fili, ka matso gaba da shi kamar taki 2 saboda inuwa. Farin bango tas da farar riga suna cinye baƙar fata, ka nemi mai ruwan toka ko shuɗi.

Sauti ne ke kashe yawancin irin wannan bidiyon. Ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, kada carbi ko sarƙa su riƙa gogarsa. Ka kashe fanka. A Zango lokacin da ya fi shiru tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe ne, yara na makaranta, ba a kira azahar ba, sai dai ka jira pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ta wuce. Wanda zai karanta maka ɗaya ɓangaren ya tsaya dab da gefen wayar ya rage murya, shi za ka kalla, ba idon kyamara ba.

Edita, Sawaba:
Ƙari kaɗan. Kada ka sa ko sin ɗaya na tsibbu a ciki, kowa ya riga ya gani. Kuma a WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ka tura kai tsaye yana matse hoton.

Malamar dirama, Madina:
Ɗana, ni ina ganin sun yi maka sauƙi. Shekara 6 a rol guda tana zama a jiki: zare ido, murya daga maƙogwaro, ɗaga yatsa, jan ƙarshen kalma don a yi dariya. In ka sa kakin ɗan sanda da waɗannan, malam ne a cikin kaki. Ka ɗauki sin ɗin uban nan sau 3: sau ɗaya hannuwanka a ƙarƙashin cinya, sau ɗaya da raɗa, sau ɗaya ba magana sam, sauraro kawai. Ka kashe sautin ka kalla. Duk motsin da ka gane na malam ne, ka cire shi.

Sannan ka saba da haddace rubutu kalma da kalma. Masu shirya silsilar talabijin a Akra da rubutu suke aiki, ɗan Kumawood da ya saba zuba daga kai a nan yake faɗuwa ranar tantancewa. Shafi ɗaya kullum ya isa. Wasan dandamali shi ne maganin wannan, ka leƙa Cultural Centre na nan garinku ka nemi ƙungiyar da ke atisaye. Shi kansa Agya Koo, fitaccen ɗan wasan Kumawood, daga dandamalin barkwanci na Concert Party a National Theatre ya fito. Ka kuma sa ido a kan ɗaliban NAFTI, makarantar fim da aka kafa a 1978, wadda yanzu ta koma ƙarƙashin jami'ar UniMAC: suna neman 'yan wasa don finafinan kammala karatu, kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma rol ne rubutacce, haske da sauti masu kyau.

Dattijo, Sabon Zango:
Yaro, a san ka da abu guda ba aibi ba ne. Marigayi Rabilu Musa har ya rasu a 2014 da barkwanci aka san shi, sunan Ibro ma shi ke sayar da fim. Abin da ke damun mutanen gida shi ne cakuɗawa. Ka gindaya musu tun kafin a kunna kyamara: ba Alƙur'ani ko allo a cikin kayan tsafi, ba karanta aya a kan ƙwarya, a kira mutumin boka in boka ne. Yawancinsu rashin sani ne, jan ƙyalle da hayaƙi sun ishe su.

Ɗan wasa, Aboabo:
Na gode Baba, na gode duka. To in na kafa sharuɗɗan nan suka daina kirana fa? Da shi nake ciyar da gida.

Mataimakin darakta, Asawase:
Wasu za su daina, shi ya sa ba za ka kafa wa kowa a lokaci guda ba. Ka fara da furodusa ɗaya ko biyu da suka fi buƙatarka. Ka ba abin wata 6, ka tura bidiyon ga mataimakan daraktoci da manajojin shiri, su ne ke riƙe da lambobin 'yan wasa. In za ka buɗe tashar YouTube don nuna sababbin rol, ka buɗe, amma kada ka sa ta a lissafin cefane: kafin a fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Aikin da ke hannunka kuwa, rabin kuɗi ya shigo MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kafin ka hau motar haya ta trotro zuwa lokeshan, sauran ranar sin ɗinka na ƙarshe, kafin ka cire kaya.